Ɗan Farin Likita Khalilu

Mutanen Ɗinyawa ba su taɓa kiran Malam Khalilu da wani suna ba sai Likita, ko da yake a wurin gwamnati disfensa ne kawai, malamin asibitin sha-ka-tafi. Ɗaki biyu ne asibitin da 'yar baranda, a bakin kasuwa, bayan rumfar masu awo. Wanda ya ga Khalilu bai cika masa likita ba, to ga hanyar Kano nan, ya je ya nemo cikakken in yana da ran da zai kai shi. Ƙauyukan da ke tsakanin Bagwai da Dawakin Tofa dai shi suka sani, shi da baƙin kekensa da akwatin ƙarfen da yake ɗaurewa a kariya.

Ɗan garin ne. Mahaifinsa, Malam Abdussalam, makarantar allo gare shi, kuma har ya koma ga Allah bai huce da ɗauke masa yaro da aka yi aka kai boko ba. Da Khalilu ya dawo da farar riga a zamanin En'e, sai gari ya zuba masa ido, ana jira a ga ta inda bokon ya ɓata shi. Tsofaffi suka ce allura tana tsinka jini. Mata suka riƙa ɓoye yara a bayan rumbu in sun ji ƙararrawar keke. Bai yi musu da kowa ba, da hali ya saye su. Ba ya shiga gidan mutum sai an yi masa iso, ba ya duba matar aure sai da tsohuwa a ɗakin, in ya gamu da sa'an mahaifinsa sai ya sauka daga keke ya tuɓe takalmi. Aka wayi gari ana cewa ɗan Malam ya fi waɗanda ba su je bokon ba kunya. Da wannan shaidar ya samu mutane suka yarda ya soka musu allura shekara da shekaru, kuma yana tattalinta fiye da maganin da ke cikin akwati.

To, a cikin kunyar nan babu wadda ya riƙe gam kamar ta ɗan fari. Kowa ya san al'adar. Iyaye ba sa kiran sunan ɗansu na farko, ba sa ɗaukarsa a gaban mutane, ba sa nuna sun damu da shi, in an yabe shi su kau da kai. Ɗan farin Khalilu ma sunan marigayi Malam Abdussalam ya ci, abin ya zama biyu, gari ya riƙa kiransa Nababa. Ana yaye shi aka miƙa shi ɗakin kakarsa, Inna Sauda, a can ya girma. Uwarsa Furera kuwa ta fi mijinta tsanani. In dole ta kama ta sai ta ce "mutumin can," tana kallon wani wuri.

Kada wani ya ce ƙiyayya ce. Khalilu yakan gane tarin yaron nan daga bakin rijiya. In ya je Kano karɓo magani sai ya sayo takalmi daidai ƙafarsa, ya ajiye a gaban Inna Sauda ya ce a duba ko akwai wanda zai yi wa a cikin yara. Tsohuwar takan harare shi ta ce, "Yaran guda nawa ne masu ƙafa kamar faranti?" Ita ce bakinsu gaba ɗaya. In Nababa ya kwana da zazzaɓi sai ta fito tsakar gida tana faɗa, "Kai Khalilu, mijina ba shi da lafiya, kana nan kana shafa wa 'ya'yan wasu magani. Maza zo ka duba min shi." Sai ya tashi yana gunaguni kamar an matsa masa, alhali tun asuba yake jiran a kira shi.

Sai shekarun nan suka zo, bayan yaƙin basasa, da ruwa ya ɗauke. Damina ta farko gero ya yi ciki ya tsaya. Ta biyu ko cikin bai yi ba. Rumbuna suka zama wurin kwanan kaji, daga baya kajin ma aka cinye su. Mutanen da suke ba jaki dusa suka koma tankaɗe ta suna tuƙawa. Magidanta suka tafi Kano neman dako, aka bar gari da tsofaffi da mata da yara masu manyan cikkuna. A lokacin kaka, da babu abin girbewa, Inna Sauda ta rasu. Nababa, saurayi ne a lokacin, gemu ya fara tsiro masa, ya naɗe tabarmarsa ya dawo shagon zauren mahaifinsa. Suka zauna gida ɗaya su uku, da ƙannensa ƙanana, babu mai yi wa wani magana kai tsaye. Ana ajiye masa kwano a bakin shago, ana ɗauke kwano.

Da bazara ta kankama, zafi ya kai inda ƙasa take ƙona tafin ƙafa tun da hantsi, sai sanƙarau ya shigo. Ciwon nan ba ya jira. Mutum ya tashi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, kafin gobe war haka ana iya haƙa masa kabari. Asibitin ɗaki biyu ya yi kaɗan, dagaci ya sa aka kafa rumfunan zana a bayan gari, gindin wata tsohuwar tsamiya. Khalilu ya kwashe risho da tukunyar da yake dafa sirinji ya koma can.

Yana da yadda yake aikinsa. Da safe in mutane sun jeru, ba ya fara da wanda ya riga zuwa. Sai ya bi layin daga farko zuwa ƙarshe, ya sa tafin hannu a ƙeyar kowa ya ce, "Sunkuya, taɓa ƙirjinka da haɓa." Wanda ya iya, ya jira. Wanda ya kasa, a shiga da shi rumfa nan take a yi masa allura, don a ciwon nan wanda aka kama da wuri shi ne yake tashi. Hannun nan nasa ya taɓa ƙeyar dagaci, ya taɓa ta kuturu, ya taɓa ta Fulanin da shanunsu suka ƙare suka shigo gari.

Mutum biyu ne suka tsaya masa. Ɗaya Ɗanliti wanzami, abokinsa tun na makarantar allo, wanda bakinsa ba shi da linzami. Shekara da shekaru suna tsiya, wannan ya ce mai ƙaho, wancan ya ce mai tsinke, amma da annoba ta zo Ɗanliti ya rataye zabirarsa ya zo yana danne masu fizge-fizge. Na biyun Nababa ne. Babu wanda ya aike shi. Shi yake tura amalanke yana ɗauko marasa lafiya daga unguwanni, shi yake jan ruwa a rijiyar da ta yi nisa har sai an haɗa igiya biyu. In ya sauke tulu a bakin rumfa sai ya koma can gefe, jikin wani kututturen dabino, ya zauna yana jiran a buƙaci wani abu. Khalilu bai taɓa ce masa sannu ba. Yakan dai ce wa Ɗanliti, "Ruwan nan ya zo a kan kari."

Wata safiya Furera ta kawo wa mijinta ɗan kokon dusa, ta ajiye, ba ta fita ba. Ta juya tana gyara murfin randar da ba ta buƙatar gyara.

"Mutumin zauren nan bai sha nasa ba," in ji ta.

Khalilu ya tsaya da ludayi a hannu. Ya jira ta ƙara ko da kalma ɗaya ce, ta ce kansa yake ciwo, ta ce a duba shi. Ita kuma ta jira ya tambaya. A wurinta ta riga ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife shi, har kunnuwanta sun yi zafi.

"Rana ce," in ji shi. "Jiya ya sha rana."

"Haka ne," in ji ta, ta mayar da murfin ta fita.

Da ya zo wucewa ta zaure ya leƙa shagon da wutsiyar ido. Babu kowa, tulu ma ba ya nan. Ya ce a ransa to, mai ɗaukar tulu ai da sauran ƙarfinsa. Duk da haka, da ya isa rumfa ya buɗe akwati, sai ya zare kwalbar allura ɗaya ya jefa a aljihun farar rigarsa, yana waige-waige kamar wanda ya saci kayan wani.

Ranar layin ya yi tsawo. Dagaci da liman da wasu dattawa suna zaune a inuwar tsamiya, don kullum sukan zo su kwantar wa mutane da hankali. Ɗanliti ba ya nan, ya tafi wata unguwa jana'izar ƙanwarsa. Khalilu ya fara bin layi, sunkuya, sunkuya, a shiga da wannan, wannan ya jira. Tun daga tsakiyar layin ya hango Nababa a jikin kututturen nan. Tulun yana gefensa, bai kai shi bakin rumfa ba. Ya miƙe baya sambal, ya runtse ido saboda haske, in zai duba gefe sai ya juya da kafaɗunsa gaba ɗaya. Mutumin da ya shekara ashirin da wani abu yana wannan aiki ba ya buƙatar a gaya masa abin da yake gani.

Ya kai ƙarshen layi. Wata tsohuwa ce ta ƙarshe, ta sunkuya lafiya lau. Tsakaninsa da ɗansa bai fi tsawon tabarma biyu ba. Yaron bai shiga layi ba, ina zai iya tsayawa a gaban mahaifinsa ya miƙa masa wuya mutane suna kallo? Khalilu ya ji idon dattawan nan a bayansa. Abin da yake roƙo a ransa ɗan ƙarami ne: wani ya buɗe baki ya ce, Likita, ga wani can. Ko yaro ne ya faɗa ya isa. Da sai ya je a matsayin likitan da aka kira, ba uban da ya kasa daurewa ba.

Babu wanda ya ce. Kuma ba don ba su gani ba, wallahi sun gani. Liman ya gani, dagaci ya gani, matan da ke layi sun gani har suna taɓa juna. Amma wa zai dubi mutum mai kunya irin Likita ya yi masa maganar ɗan farinsa a bainar jama'a? Ai cin fuska ne. Kowa ya ce a ransa gidan likita ne, tun a gida an ba shi abin da ya dace. Suka yi masa kara, shi ma ya yi musu kara, yaron yana zaune a tsakaninsu. Khalilu ya juya ya koma rumfa. Ya ce a ransa da azahar, in mutane sun watse salla, zai ja shi bayan zana.

Aiki ya ci shi. Yana soka allura hannunsa yana yi shi kaɗai, hankalinsa yana jikin kututture. Ta ramin zana yake leƙe. Rana ta zagayo ta cinye inuwar wurin, Nababa bai matsa ba.

Ana gab da kiran azahar wani mai unguwa ya iso a kan jaki, ya zube gaban dagaci. Ya ce a unguwarsu gida ɗaya mutum huɗu sun kwanta, har da mai jego, kuma babu mai ɗauko su. Dagaci ya kira Khalilu ya ce, "Likita, sai dai ka daure ka je da kanka. Nan ai ka rage su." Maganar da ya kamata ya yi tana bakinsa. Ranka ya daɗe, a ba ni ɗan lokaci, yarona ba shi da lafiya. Bai taɓa furta kalmar nan "yarona" a kan Nababa ba, ko shi kaɗai a ɗaki. Ya ji bakinsa yana cewa, "To, ranka ya daɗe."

Hanyar ta gaban kututturen ta bi. Ya turo keke a hankali, yana jan ƙafa. Da Nababa ya ga mahaifinsa ya matso, sai ya yunƙura zai durƙusa kamar yadda ya saba. Gwiwoyin suka kai ƙasa, kan ya ƙi sunkuyawa. Haka ya tsaya, fuska a sama, ido a runtse, gumi yana bin wuyansa.

"A dawo lafiya, Baba," in ji shi.

Khalilu ya tsaya. Kwalbar tana aljihunsa, sirinji yana akwati a bayansa. Mai unguwa yana gefe yana jira, dattawa suna tashi za su yi alwala, duk fuskokinsu a wajen.

"A riƙa shiga inuwa," in ji shi, yana kallon tulun.

Ya hau keke. Tun daga nan har unguwar yana ce wa kansa yanzu zan dawo, saurayi ne, yana da ƙarfi, zai kai la'asar. Ya tarar da abin ya fi yadda aka faɗa, don maƙwabta ma sun fito da nasu. Ya yi abin da zai iya, ya juyo yana taka keke kamar zai karya shi, yashi yana riƙe masa taya.

La'asar ta yi sanyi ya iso. Babu kowa a jikin kututture. Ɗanliti ya fito daga rumfa, ko gaisuwar rashin da ya yi bai tsaya karɓa ba.

"Khalilu, wane irin abu ne wannan? Na dawo na tarar da yaron nan a kife cikin rana, mutane sun kewaye shi suna cewa a jira ka. Allura nawa ka yi masa da safe?"

Khalilu ya zaro kwalbar nan daga aljihu, ko buɗe ta ba a yi ba. Ɗanliti ya dube shi, ya sake dubansa, sai ya matsa ya ba shi hanya.

Nababa yana kwance a kan tabarma, bayansa ya lanƙwashe, bai san wanda ke kansa ba. Khalilu ya durƙusa ya yi masa allurar, ya ƙara da duk abin da ya sani. Ya sa hannu a ƙeyar nan, ta yi tauri kamar icce. Yanzu kam babu wanda ya kau da kai, babu kuma wanda ya ji kunyar wani. Aka aika gida. Furera ta zo ta tsaya a bayan zana, ba ta shigo ba, yatsunta kawai ake gani sun riƙe karan rumfa. Washegari da hantsi ya cika.

Mutane suka taru kafin a yi masa sutura. Khalilu yana zaune a zaure, ido a bushe, don uban ɗan fari ba ya kuka a gaban jama'a. Dagaci ya yi gyaran murya ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin mutum irin Likita ba. Ɗansa na cikinsa yana zaune ba lafiya, amma bai fifita shi a kan na kowa ba, ya hau keke ya tafi ceton 'ya'yan wasu. Dattawa suka ce ƙwarai, halin mahaifinsa ne, Allah ya ba da lada. Kowane yabo yana shigarsa kamar ana zuba masa garwashi a ciki. Da zagi suka yi masa da ya fi samun sauƙi. Ya riƙa cewa amin, amin.

Da liman ya tashi za a yi wanka, Khalilu ya miƙe ya bi shi. Liman ya ce, "Likita, ka zauna, mu ma mun isa." Ya ce a'a, shi zai yi. Aka dubi juna, aka ƙyale shi. Suka shiga bayan shago su uku da Ɗanliti, da ruwa rabin tulu, abin da aka iya samu ke nan.

Ya fara wankewa a hankali, liman yana zuba masa ruwa da ɗan moɗa. Ya ga faɗin kafaɗun, ya ga kantar igiyar guga a tafin hannu. Jikin mutane nawa ya sani a ƙasar nan, ya san wanda yake da tsohon karaya, ya san wanda ƙaho ya yi wa tabo, amma wannan jikin baƙo ne a wurinsa. Da ya zo ƙafar dama ya ɗaga zanen da aka rufa, sai ya tsaya. Wani tabo ne a ƙwauri, dogo, daga ƙasan gwiwa har kusa da idon sawu, ya warke a karkace, naman ya tattare. Bai daɗe ba, don har yanzu da sauran ja a jikinsa.

"Wannan fa?" in ji shi.

Ɗanliti ya ce, "Gatari ne. Bayan rasuwar Inna, ya hau gawo yana saro wa tumakinku ganye."

"Wa ya yi masa magani?"

"Ni. Ya ɗaure da rawani ya ja ƙafa har barandar asibitinka. Ya leƙa ya ga kai kaɗai ne a ciki, babu wanda zai shigar da shi. Ya daɗe a tsaye, sannan ya juyo wurina. Na ce mu koma tare a ɗinke, ya roƙe ni don Allah kada in ɗaga maka hankali."

Khalilu ya tuna. A cikin sanyin da ya wuce ya ga yaron yana ɗingishi, ya fi wata yana yi. Ya gani sarai ta tagar asibiti, ya jira wani ya yi masa magana, da ɗingishin ya daina sai ya gode wa Allah ya bar zancen. Ya bi tabon da yatsa daga sama har ƙasa. Ɗinki ne mai sauƙi, irin wanda yake yi wa 'ya'yan mutane ranar kasuwa yana yi yana ba su labari don kada su ji zafi.

"Wa ya riƙe shi da kana wanke ciwon?"

"Babu kowa," in ji Ɗanliti. "Hularsa ya cusa a baki."

Khalilu ya tallafi ƙafar a cinyarsa ya ci gaba da wanke wurin, yana wankewa yana sakewa, hawaye yana sauka a kan hannunsa, bai share ba, bai kuma ɓoye ba. Liman ya bar shi har ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sannan ya dafa kafaɗarsa.

"Likita, ka yi haƙuri mu ƙarasa," in ji shi. "Ruwan ya kusa ƙarewa, kuma ba a taɓa ɗayar ƙafar ba."